Kamar Kusbara, Amma Fari

Kakarmu Hajja ba ta fara labarin Bani Isra'ila sai kowa ya buɗe tafin hannunsa. Za ta kwance wani ɗan ƙulli da ke bakin zanenta, ta bi mu tana ɗora wa kowa ƙwaya guda. Wanda ya yi gaggawar jefa tasa a baki kafin ta ba da izini, ranar zai san cewa sandarta ba don dogarawa kaɗai aka sassaƙa ta ba. Ƙwayar kusbara ce, 'yar kewayayya, ba ta kai ƙwayar dawa nauyi ba, launinta na busasshiyar ciyawa. A duk yankinmu ban san wani mai shuka ta ba sai Hajja. Tana da ɗan fili kusa da rijiya inda take yafa ta lokacin sanyi, mu kuwa mu riƙa toshe hanci muna cewa ganyen warin kuɗin cizo yake yi. Ita ƙwayar daban ce. In ka tauna ta, wani ƙamshi ne zai cika maka baki, tsakanin ɓawon lemo da citta.

Gidanmu yana bayan garin Gwandu, ta wajen hanyar Malisa. Mu irin Fulanin nan ne da suka zauna wuri ɗaya har suka yi katanga, amma ba su rabu da shanu ba. Da magariba ta wuce ake hura wuta kusa da turke don hayaƙi ya kori sauro daga jikin dabbobi, kuma a bakin wannan wuta Hajja take shimfiɗa buzunta. Ni da ƙanwata Dije da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta har a kira lisha. Tatsuniyoyin kura da zomo tana yin su da wasa da kwaikwayon murya. Labarin Annabawa kuwa sai ta gyara zama ta yi salati, ta ce wannan ba abin da ake buɗewa da wasa ba ne.

Mace ce mai raha da tsokana, amma tana da lokaci guda da ba a taɓa ta. Daga sallar asuba har rana ta fito tana zaune ta fuskanci gabas da carbi a hannu, tana wuridinta. Ko akuya ce ta sa kai a tukunya, Hajja ba za ta buɗe baki ba. In ka matsa mata da magana, iyaka ta gyaɗa kai ko ta kaɗa maka hannu, idonta a rufe. Duk gidan mun san haka, har kaji ma kamar sun sani.

Kusbarar tana da tarihi. Tun tana amarya ta bi kakanmu zuwa Makka ta ƙasa, suka yada zango a Sudan suna tsinkar auduga don neman guzuri. A can ta yi maƙwabciya, wata Bahabashiya Kirista mai zanen gicciye a goshi. Ba mai jin yaren wata, sai guntun Larabcin kasuwa, amma da shi suka yi ƙawance har suna cin abinci a kwano ɗaya. Wata rana Hajja ta dawo daga sauraron tafsiri tana ta mamakin mannu, abincin da Allah ya saukar wa mutanen Annabi Musa a cikin daji, tana cewa ina ma ta san kamanninsa. Bahabashiyar ta yi dariya, ta shiga ɗaki ta ɗebo kusbara ta zuba mata a hannu. Ta ce a littafinsu, da na Yahudu, an faɗi kamanninsa: kamar wannan ƙwaya yake, sai dai shi fari ne. Irin wannan kusbarar ce Hajja ta ƙullo ta dawo da ita gida, kuma jikokin jikokinta muke taunawa.

Akwai masu gunagunin cewa tana cusa zancen Nasara cikin ƙissa. Ba ta damu ba, don ita da kanta take rarrabe mana. Takan ce abin da Alƙur'ani ya faɗa shi ne tabbas, sauran kuwa tsarabar maƙwabciya ce, mu riƙe shi a hannu yadda muka riƙe ƙwayar.

Ga yadda labarin yake a bakinta. Mutane sun tsere wa Fir'auna, sun haye teku, sun faɗa dajin da babu gona babu kasuwa. Guzuri ya ƙare, yara suna kuka, manya suka fara yi wa Annabi Musa ƙorafi. Sai wata safiya suka fito suka tarar raɓa ta sauka, da ta ɗauke kuma sai ga wani abu ya rufe ƙasa. A nan Hajja za ta ɗaga tata ƙwayar kusa da wuta.

"Awa wagga," za ta ce, wato kamar wannan, "amma hwari tas. Ku tauna."

Mu tauna, ƙamshi ya tashi, ita kuma ta ci gaba. Suna tsintarsa da sassafe, don in rana ta yi zafi narkewa yake yi. Su daka a turmi, su dafa, ɗanɗanonsa kamar waina da zuma. Ba a ajiye shi ya kwana, wanda ya yi haɗama ya ɓoye sai ya wayi gari ya tarar da tsutsa. Da yamma kuma tsuntsayen salwa su sauko musu. Duk da haka wata rana suka ce sun gaji, su albasa suke so da tafarnuwa. In ta zo nan sai ta tafa hannu ta ce, "Ku ji mini mutane. Halama akwai ɗan Gwandu cikinsu." Mu fashe da dariya, don kowa ya san yadda mutanen garinmu suke da albasa.

Dije ba ta dariya. Ita irin yaran nan ce da ke ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, ba ragi ba ƙari. Ba ta ma cika tauna tata ƙwayar ba, sai ta yi ta juya ta a hannu tana kallo.

Sai aka yi wata shekara da damina ta yi gardama. Rumbu bai cika ba, ciyawa ta ƙone tun kafin lokaci. Baffa, mahaifinmu, ya haɗa garke ya yi kudu da shi neman kiwo, ya bar mana saniya ɗaya tak, Gudale, saniyar Hajja, wadda ke da ɗan maraƙi. Ita ce abincinmu. Abin da aka tatsa da safe Inna, mahaifiyarmu, take kaiwa cikin gari ta musanyo gero, geron mu ci, dusar a jiƙa wa Gudale. In ta ci mun ci, in ba ta ci ba mun kwana haka. Da bazara ta yi nisa ƙashin bayanta ya fito har kana iya rataya ƙwarya a kai, nonon kuma kullum raguwa yake. Kowace magariba sai Hajja ta dafa wuyanta ta roƙi Allah ya kawo wa wannan baiwa tasa abin da za ta ci. A bakin wuta kuma, saboda ta ƙarfafa mana zuciya, labarin mannu ya zama na kusan kullum.

Ranar da abin ya faru, ni da Inna mun fita tun da duhu-duhu zuwa wata rijiya mai nisa, don tamu ta ƙafe. Mun bar Hajja a kan buzu, Dije tana barci. A hanyar dawowa, rana ta ɗan ɗaga, muka ratso ta burtali, hanyar shanun da ta wuce ta ƙofar gidanmu. Ni ce a gaba. Sai na tsaya cik, har ruwan tulu ya fantsamo mini a wuya. A kan yashi, tsakanin sawun dabbobi, ga wani abu fari, ƙwaya-ƙwaya, kewayayye, ya bi hanya kamar an yafa. Inda laima ta taɓa shi ya fara narkewa. Wallahi gabana ya faɗi. Tsigar jikina ta tashi, don ban ga bambancinsa da abin da Hajja ke kwatanta mana ba ko kaɗan. Inna ma ta sunkuya ta duba. Ta ce kada in taɓa, mu je mu nuna wa tsohuwa.

Ba mu kai ƙofa ba muka ji kukan Gudale. Ban taɓa jin saniya ta yi irin wannan kuka ba, kuma ba na fatan in sake ji. Muka tarar da ita tana rawar jiki tun daga kai har wutsiya, yawu yana dalala, cikinta ya kumbura ta hagu ya yi tauri. Tana taku ɗaya sai ƙafafun su harɗe. Hajja tana riƙe da igiyar tana kiran sunanta, carbin yana yashe a ƙasa. Dije tana tsaye gefe da ƙwarya a hannu, ƙwaryar jiƙon dusa, an lashe ta tas.

Inna ta fizgo ta tana tambayar abin da ta ba saniya. Dije ta amsa ba tare da tsoro ba, fuskarta har da ɗan haske. Ta ce mannu ne ya sauko. Ta tsinto rabin ƙwarya kafin rana ta narkar da shi. Ta ɗanɗana ta ji ba zaƙi, sai sanyi da ɗaci, shi ne ta gane cewa ba namu ba ne, na Gudale ne, tunda ita ake roƙa wa kullum. Ta zuba a ruwan dusa ta dama mata, kuma ta ba ta duka saboda ba a barinsa ya kwana.

Gudale ta faɗi ta gefe, ƙafafunta suna shure-shure. Hajja ta ce a kawo wuƙa, a nemo namiji ya yanka kafin ta tafi a banza. To ina namijin? Mazan unguwa duk sun bi shanu. Inna ta zura a guje ba mayafi, ta yi karo da wani manomi ɗan Malisa a bakin burtali, yana tafe a sunkuye yana bin farin abin nan da ido. Kafin su iso, Gudale ta miƙe ƙafa ta yi shiru. Ko naman ba mu samu ba, ta zama mushe a gaban idonmu, da wuƙa a hannun Hajja.

Mutumin ya dubi ƙwaryar, ya dubi saniyar, ya dafe kai yana salati. Ya ce takin zamani ne, farin nan da ake kira yuriya. Jiya da yamma ya ɗauko buhu a kan raƙumi, ƙaya ta huda shi bai sani ba, sai da ya isa gida ya ga buhun ya rame. Ya ce shi wannan taki, in saniya ta sha shi a ruwa, ba ta kai hantsi. Mu da takinmu daga gindin shanu yake fitowa, ina muka taɓa ganin taki fari mai tsabta haka? Na tuna na yi ta kallon Dije ina jiran ta yi kuka. Ba ta yi ba. Hasken fuskarta ne kawai ya ɗauke, ta ajiye ƙwaryar a hankali ta je bayan ɗaki ta zauna har yamma.

Da magariba ba wanda ya yi zaton za a hura wuta, tunda babu saniyar da za a kore wa sauro. Hajja ta hura da kanta. Ta aika aka ɗauko Dije, ta zaunar da ita a jikinta, ta kwance ƙulli ta bi mu da ƙwaya kamar kullum. Ta ce akwai wani yanki na labarin da Bahabashiya ta gaya mata, ita kuma take tsallakewa don ta ɗauka ba shi da amfani. Ranar farko da abin ya sauko, mutanen ba su san shi ba. Suka tsaya a kansa suna tambayar juna, kuma wai a yarensu sunan abincin ma daga wannan tambaya ya fito.

"Sunka ce, mi na na wanga? Shi na sunan nashi," in ji ta. "Kuma Annabi Musa ya amsa musu. Ya buɗe baki ya amsa musu."

Ba ta ce mu tauna ba, ba ta kai ga albasa ba. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Mu yara mun ɗauka mun gane. Ashe ana tambaya kafin a ci, Dije ce ba ta tambaya ba. Kafin mako ya zagayo 'ya'yan unguwa sun laƙaba mata suna Mi-na-na. Hajja ta hana, har da sanda, amma suna in ya kama yaro ba ya jin sanda. Mun sha wuya a sauran bazarar nan. Maraƙin bai yi kwanaki ba ya bi uwarsa. Manomin nan, Allah ya saka masa, ya kawo mana damin gero, da shi da taimakon dangi muka lallaɓa har ruwa ya sauka. Abin da muka fi tsoro shi ne dawowar Baffa, don mutum ne mai zafin hannu a kan dabba. Ranar da ya dawo, Hajja ta tare shi tun a ƙofa ta ce, "Ni na kashe ta." Ta ja shi ɗaki suka daɗe. Ya fito idonsa ja, ya wuce Dije bai taɓa ta ba, har ya dafa kanta. Muka ce tsohuwa ta iya roƙo.

Wani abu kuma ya canza wanda ban haɗa shi da komai ba a lokacin. Hajja ta daina yin shiru a wuridi. Ko yaron maƙwabta ne ya zo yana tambayar inda aka ajiye ludayi, sai ta riƙe ƙwayar carbin da yatsa, ta buɗe ido, ta juyo gaba ɗaya ta amsa masa, sannan ta koma. Tsofaffin unguwa suka yi ta cewa tsufa ya fara taɓa ta. Haka ta ci gaba har ta rasu.

Yanzu a Kalgo nake aure, ni ma na fara jikoki, kuma ina da 'yar kusbarata a bayan ɗaki, daga irin Hajja. Kwanakin baya wata maƙwabciyata Kirista da ke aiki a jami'a ta shigo ta ga ina shanya ƙwayar a faifai. Hira ta kai mu ga mannu. Ta ce tabbas haka yake a littafinsu, an kwatanta shi da wannan ƙwaya, fari, kuma sunansa daga tambaya ya samo asali. Na ji daɗi har cikin raina, kamar an aiko mini gaisuwa daga Bahabashiyar da ban taɓa gani ba. Da Dije ta zo mini kwana biyu daga Gwandu, na ba ta labari muna tsince shinkafa, ina dariya, na ce to Mi-na-na, ashe sunanki har a littafin Yahudu da Nasara.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Yaya, ai na tambaya."

Na ce ta tambayi wa.

"Hajja. Na kai mata ƙwaryar har gaban buzu. Na ce, Hajja, mi na na wanga, mannu na? Na faɗi har ta gaji da ni. Ba ta buɗe ido ba, sai ta gyaɗa mini kai ta kaɗa hannu. Ni kuwa na ɗauka i ta ce."

Na ji irin faɗuwar gaban da na ji a burtali, ni da furfura a kai. Na ce to me ya hana ta faɗa duk shekarun nan, ta bari ana kiranta da wannan suna. Ta ce ai ba ɓoyayyen abu ba ne, Baffa ya sani, Inna ta sani, Hajja da bakinta ta gaya musu. Yara ne dai ba wanda ya zo ya ji ta bakinta, ita kuma ba za ta bi unguwa tana tallan laifin tsohuwa ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Na daɗe ina juya maganar. Shekara da shekaru ina ba 'ya'yana labarin Gudale a matsayin gargaɗi ga yaro mai gaggawa, ina cewa ku riƙa tambaya. Ashe daren nan ba da Dije Hajja take ba. Sau biyu ta faɗi abin da take nufi, a gabanmu, muka kama rabin farko muka bar na biyun a bakin wuta. Da ta ce ita ta kashe saniyar, ba roƙo take yi ba, gaskiya ta faɗa, kuma sauran rayuwarta ta yi ta biyan wannan gyaɗa kai guda ɗaya ga kowane yaro da ya zo mata da tambayar ludayi.

Washegari da asuba ina zaune da carbi, jikata ta shigo tana jan zanena, ta dunƙule wani abu a hannu. Bakina yana tsakiyar zikiri, hannuna har ya ɗaga zai kaɗa mata. Na riƙe ƙwayar carbin, na buɗe ido, na ce ta nuna mini.